Amanar Samarin Unguwa: Aikin Mai Tarbiyya Na Sa Kai Da Nauyin Da Ke Wuyansa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fito da ɗan Adam duniya bai san kome ba, sa'an nan Ya hore masa iyaye da malamai da magabata domin su nuna masa hanya. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu yi magana a kan wani aiki wanda ba a biyan albashi a kansa, ba a kuma rubuta wa mutum takardar kama shi, amma rashin masu yinsa ya jawo mana hasarar da kuɗi ba za su iya mayarwa ba. Wannan aiki kuwa shi ne mutum babba, mai hankali da sanin ya kamata, ya ɗauki yaro ko saurayi wanda ba shi ya haife shi ba, ya jawo shi jikinsa, ya riƙa bibiyar karatunsa da sallarsa da abokansa da sana'arsa, saboda Allah, har ya ga ya tsaya da ƙafafunsa.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, kwanakin baya bayan sallar isha'i wani dattijo ɗan kasuwa ya tsai da ni a ƙofar masallacin unguwarmu, ransa a ɓace. Ya ce an kama ɗan maƙwabcinsa, yaro ɗan shekara goma sha bakwai, da ƙwayoyi a aljihu. Uban yaron direban babbar mota ne, yakan yi wata guda bai kwana gida ba. Dattijon nan ya ce da ni, “Malam, shekara uku yaron nan yana zama a dakalin da ke kallon ƙofar gidana. Da idona na ga ya daina zuwa makaranta, da idona na ga abokansa sun sake. Kullum ya gaishe ni in amsa in shige mota. Ban taɓa ce masa zo nan ba. Yanzu me zan gaya wa Ubangijina?” Ban iya ba shi amsa ba a wannan dare, domin na san tambayar tasa ta hau kaina kamar yadda ta hau kansa.

Asalin aikin a cikin Sunna

Kada wani ya zaci wannan aiki baƙon abu ne da aka aro daga Turawa. Duk wanda ya karanta tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai ga yadda samari suka kewaye shi, da yadda ya ba kowannensu kulawa gwargwadon halinsa. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da labari cewa a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa tsawata masa a kan abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Zaidu ɗan Sabit kuwa, da Annabi ya ga kaifin ƙwaƙwalwarsa, sai ya umurce shi ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koye shi cikin kamar rabin wata. Wannan yaro shi ne daga baya Sayyidina Abubakar ya danƙa wa aikin tattara Alƙur'ani. Mus'abu ɗan Umair yana saurayi aka aike shi Madina kafin Hijira domin ya karantar da mutanenta, a hannunsa kuma manyan gari irin su Sa'adu ɗan Mu'azu suka musulunta.

Akwai kuma labarin saurayin nan da Imamu Ahmad ya ruwaito, wanda ya zo gaban Annabi yana neman a yi masa izinin yin zina. Jama'ar da ke wurin suka taso masa da faɗa, amma Annabi ya sa ya matso kusa da shi, ya zaunar da shi, ya riƙa tambayarsa ko zai so a yi haka da mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, ko gwaggonsa, yana amsawa da a'a. Daga nan ya ɗora hannunsa mai albarka a kansa ya yi masa addu'a, saurayin nan kuma bai sake waiwayar wannan alfasha ba. A lura, da an kore shi a wannan rana da zagi, da ya tafi da cutarsa a zuci, bai kuma sake kawo ƙorafinsa gaban wani babba ba.

Mu da muke bin mazhabar Imamu Malik muna da abin tunawa a nan. An ruwaito cewa lokacin da mahaifiyarsa ta shirya shi zuwa wurin malaminsa Rabi'atu, ta yi masa wasiyya da ya fara koyon ladabin malamin kafin ilminsa. Haka kuma littafin Risala da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya rubuta shi ne saboda roƙon wani malami mai karantar da yara, domin a sami abin da za a dasa a zukatansu tun suna ƙanana.

Yadda magabatanmu suka yi

A ƙasarmu ma ba mu rasa abin koyi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙansa, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya zauna wajen shekara biyu tare da baffansa kuma malaminsa Usmanu Binduri, yana kwaikwayon halayensa na tsoron Allah da umurni da kyakkyawa. Ya kuma bi Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Shi kuma Shehu ya rene ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello a kan wannan tafarki. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara aikin 'Yan Taru, inda take zaɓen dattijan mata masu amana daga ƙauyuka, ta naɗa su jaji, ta ba su malfa alamar shugabanci. Su kuma su riƙa jagorantar 'yan mata da tsofaffi zuwa wurinta ɗaukar karatu, su koma gida su koyar. Ba a biyan jaji ko anini.

A fagen kasuwanci kuwa, fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su koyi hanya daga littafi ba. Yaro yana bin ubangidansa, ubangida yana bin madugu, har yaron ya san zango da mashaya da harshen mutanen kowace ƙasa. Wannan al'ada ta ubangida da yaronsa ita ta gina Kasuwar Kurmi, ita kuma ke riƙe da Kantin Kwari da Dawanau har yau. Ubangidan kirki yakan kula da sallar yaronsa kamar yadda yake kula da lissafinsa, in lokaci ya yi ya yi masa aure, ya ba shi jari, ya sallame shi da albarka.

Bayan zuwan boko sai ƙungiyoyi suka ɗauki wani sashe na wannan nauyi. An kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi a Ikko a 1954, Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, Fityanul Islam a Kano a 1963, sa'an nan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna a 1985. Makarantun Islamiyya na dare da rundunonin 'yan agaji da suka fito daga irin waɗannan ƙungiyoyi, galibinsu a kan ƙafar masu sa kai suka tsaya.

Abin da ke faruwa in an bar gurbin

Saurayi ba ya zama babu jagora. In mutumin kirki bai jawo shi ba, wani zai jawo shi, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai. Dattawan Kano ba su manta da watan Disamba na 1980 ba, lokacin da tarzomar Maitatsine ta ɓarke daga 'Yan Awaki, aka yi hasarar rayuka fiye da 4,000. Yawancin waɗanda suka riƙe masa makami samari ne da suka shigo birni ba su da mai kula da cinsu ko kwanansu, shi kuwa ya ba su abinci da wurin kwana da wanda za su kira uba. Wutar ta sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Abin da ya auku a Arewa maso Gabas tun daga 2009 kuwa ba sai an tuna wa kowa ba.

Ban da fitinar aƙida akwai ta shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda. A wannan shekara ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda samari da 'yan mata har da matan aure suka mai da shi abin sha. Yau kuma ga wayar hannu, wadda ke shigo wa yaro da malamin da ba a san malaminsa ba, da abokin da ba a san gidansu ba, har cikin ɗakin kwanansa.

Nauyin da ke kan mai wannan aiki

To, wanda Allah Ya ba niyyar shiga wannan aiki, ga abubuwan da suka wajaba ya kiyaye.

Na farko, gyaran niyya. Wanda ya tara samari domin a ce da shi mai jama'a, ko domin ya sami masu yi masa ihu ranar zaɓe, ko masu yi masa aikin gona kyauta, wannan ɗan kasuwa ne da ya saka jari yana jiran riba, kada ya sa ran lada. Alamar niyya ta gari ita ce mutum ya yi farin ciki in yaronsa ya fi shi ilmi ko dukiya, ko ya koma hannun wani malami da ya fi shi sani.

Na biyu, neman yardar iyaye. Mai tarbiyya mataimaki ne ga uba, bai gaje kujerarsa ba. Ya je gida ya yi sallama, ya gaya wa uban ko wanda ke tsaye a madadinsa abin da yake nufi, ya kuma riƙa sanar da su halin da ake ciki. Haram ne ya ɓata iyaye a idon ɗansu, ko da kuwa ya ga gazawarsu. Duk malamin da ya fara koya wa yaro cewa iyayensa jahilai ne ko kafirai, a guje shi tun da wuri, domin daga nan kowace fitina ta fara.

Na uku, ya zama abin da yake faɗa. Yaro yana sauraro da ido fiye da kunne. Ɗan kasuwar da ke yi wa yaronsa wa'azin gaskiya da safe, da rana kuma ya sa shi ya rantse wa mai saye a kan kuɗin da ba haka aka saro ba, ya riga ya koya masa darasin da zai riƙe. Haka ma'aikacin da ke hana ƙanensa satar jarrabawa alhali shi ba ya ɗaga fayil sai an sa masa wani abu a ciki.

Na huɗu, bin tsari wajen koyarwa. A duba yadda Allah Ya ba mu labarin wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa a cikin surar da ke ɗauke da sunansa. An fara da tauhidi, aka bi da haƙƙin iyaye, da sanin cewa babu abin da ke ɓoyuwa ga Allah, sa'an nan salla, da umurni da kyakkyawa, da haƙuri, aka rufe da ladabin tafiya da na magana. Saurayin da bai iya alwala daidai ba, ba a fara masa da saɓanin malamai a kan ƙablu da ba'adu, ba a kuma cusa masa ƙiyayyar wata ɗariƙa ko ƙungiya. Abin da mai tarbiyya bai sani ba kuwa, ya ce bai sani ba, ya kai yaron wurin malami. Imamu Malik da kansa ya shahara da faɗin haka.

Na biyar, sauraro da riƙon asiri. Yawancinmu mun iya faɗa, kaɗan ne suka iya shiru har yaro ya gama magana. In saurayi ya amince ya gaya maka ya fara shan wani abu, ko ya ci bashi, ko zuciyarsa ta kamu da wata yarinya, ya ba ka amana ke nan, ba a kai ta majalisa. Sai dai akwai iyaka. In abin ya kai ga hatsarin rai, ko wani yana lalata da yaron, ko ana jansa zuwa ɗaukar makami, to, shiru ya zama cin amana, wajibi ne a sanar da iyaye da hukuma.

Na shida, nisantar wuraren zargi. A riƙa ganawa a masallaci, ko zaure, ko rumfar kasuwa, inda idon jama'a yake. Namiji ba ya keɓewa da yarinya da sunan nasiha, tarbiyyar 'yan mata aikin mata ne, kamar yadda Nana Asma'u ta tsara. Ko da yaro namiji ne, kada a rufe ƙofa, kada a kira shi kwana. Wannan kariya ce ga yaron, kariya ce kuma ga mutuncin babban. Duka da ɗauri kuwa ba su cikin wannan aiki. Mun ga abin kunya a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa, duk da sunan gyaran hali. Yaron da ƙwaya ta riga ta kama jikinsa majinyaci ne, a haɗa masa addu'a da likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, kai shi can ba abin kunya ba ne.

Na bakwai, dawwama. Ya fi kyau mutum ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya riƙe su shekara biyar, da ya tara talatin ya watsar da su bayan azumi. Yaron da uba ya bari, in wani babba ya sake jawo shi ya sake shi, ciwon na biyu ya fi na farko. Sa'a guda a mako, ranar da aka sani, a wurin da aka sani, ta isa ta sauya rayuwar mutum in an dawwama a kanta. Kuma a sa rai da tuntuɓe, domin yaro zai yi ƙarya, zai ɓace, zai koma wa abin da ya ce ya bari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da gaggawa karya shi yake yi.

Kira ga 'yan kasuwa da ma'aikata

Ya kai Alhaji mai rumfa, yaran da ke ɗaukar maka kaya suna da haƙƙi a kanka fiye da kuɗin abincin rana. Ka san inda suke kwana? Ka san wanda ya iya karanta Fatiha daidai a cikinsu? Ka koya musu hukuncin riba da algus da tauye mudu kafin ka koya musu ciniki, ka bar su su je makarantar dare, ka kuma yanka wa kowannensu lokacin da za ka sallame shi da jari, a rubuta, a sa shaidu. Riƙe yaro shekara goma sha biyar a rumfa ba tare da ya san ranar 'yancinsa ba zalunci ne, ko da ana kiransa ɗan gida.

Kai kuma ma'aikacin Gwamnati, abin da kake gani ƙarami a wurinka babba ne a wurin ɗan talaka. Yaro nawa ne a unguwarku suka gama sakandare da sakamako mai kyau suka zauna, don kawai babu wanda ya nuna musu yadda ake cika takardar jarrabawar shiga jami'a, ko wane fanni ya dace da su, ko yadda ake rubuta takardar neman aiki? Zama da su awa guda ranar Asabar bai rage maka kome ba. Amma ka kiyaye, taimakon da ake nufi shi ne ka shirya yaro har ya cancanta. Ɗaurin gindin da za a ture mai haƙƙi a sa naka, wannan koya masa zalunci ne tun daga ranar farko.

Limamai da kwamitocin masallatai su ma suna da rawar takawa. Ba abu mai wuya ba ne a zauna a rubuta sunayen marayu da samarin da iyayensu ba sa gari, a kuma nemi dattawan da aka yarda da halinsu a haɗa kowane da yaro ɗaya ko biyu, a riƙa zama duk wata ana jin inda aka kwana. Ta haka za a san wanda ke aiki, a kuma toshe ƙofa ga mugun da zai fake da wannan suna, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dattijon nan da na ba ku labarinsa ya je ya tsaya wa yaron har aka ba da belinsa, ya kuma jira uban ya dawo daga tafiya suka zauna. Yanzu yaron yana rumfarsa da safe, da yamma yana Islamiyya. Ban ce ya shiryu ba, domin shiriya ta Allah ce, kuma sau biyu yana ɓacewa ana nemo shi. Amma dattijon ya ce da ni ko yau ya mutu ya sami abin da zai faɗa. Manzon Allah ya sanar da mu cewa mai nuna alheri yana da lada kamar ta wanda ya aikata, kuma ilmi mai amfani yana cikin abubuwan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. Saboda haka kowannenmu, in ya fito sallar asuba gobe, ya dubi dakalin da ke kallon ƙofar gidansa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare samarinmu da 'yan matanmu daga fitinun zamani, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.